Wane littafi za ku saka a jakar hutu?

Duk shekara idan Disamba ta kama, akwai buƙatar da nake yawan ji a gaban kantar magani fiye da kowane lokaci: "A taimaka mini da maganin barci." Wasu kuma su ce maganin gajiya, ko na ƙarin ƙarfi. A bara wata baiwar Allah ma'aikaciyar gwamnati ta zo mini da irin wannan buƙata kwana biyu kacal bayan ta kammala hutun mako biyu. Na ce, "Hajiya, ba yanzu kika dawo daga hutu ba?" Sai ta lissafa mini yadda hutun ya kasance: biki uku, tafiya Kano da dawowa, baƙi a gida, ga waya a hannu har ƙarfe ɗayan dare. Na faɗa mata gaskiya cewa irin su diazepam ba a bayar da su sai da takardar likita, kuma jiki yana saurin sabawa da su. Daga nan na tambaye ta yaushe rabonta da ta karanta littafi daga bango zuwa bango. Ta yi dariya, ta ce, "Ƙanwata, tun muna sakandare."

Wannan amsar ce ta sa yau zan ajiye zancen ƙwayoyi mu yi zancen littafi, kodayake za ku ga ban yi nisa da sana'ata ba.

Turawa suna da al'adar da nake sha'awa. Idan lokacin hutun bazararsu ya zo, jaridunsu kan cika da jerin littattafan da za a tafi da su bakin teku, mutum ya shimfiɗa tawul a kan yashi ya wuni yana karatu. Mu a Abuja ba mu da teku, kuma ba kowa ke da halin kwashe iyali zuwa Legas ko Kalaba ba. Amma muna da Ushafa. Idan kun bi hanyar Dutse kamar za ku Bwari, tafiyar ba ta kai awa guda daga tsakiyar gari in dai babu cunkoso. Garin Gbagyi ne da duwatsu suka kewaye, ya yi suna da ginin tukwane, kuma nan ne shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta tare da 'yarsa a watan Agustan 2000, abin da ya sa har yau wasu ke kiransa ƙauyen Clinton. A gefensa madatsar ruwa ta Usuma take, wadda daga cikinta ake tace ruwan famfon da yawancinmu muke sha. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tudu da hantsi ya hango ruwan nan shimfiɗe tsakanin duwatsu ya san ba sai an je teku ake samun wurin da zuciya za ta kwanta ba.

Karon farko da muka je da iyali, ni ce na fi kowa shiri kuma ni ce na fi kowa asara. Littattafai uku na cusa a jaka: wani ƙaton littafin aikinmu da nake son bita, wani na Turanci mai koyar da yadda ake tara dukiya, da wani tarihin siyasa da aka ba ni kyauta shekara biyu ban buɗe ba. Na ce yau ga dama ta samu. Shafi huɗu na karanta a na farkon, na ji kamar ina bakin aiki. Na buɗe na biyu, ya fara tuna mini da kuɗin haya da kuɗin makaranta. Kafin azahar na koma kan waya, ina duba hotunan bikin mutanen da ban ma sani ba. Abin da ya cece ni shi ne 'yar yayata, wadda ta zo da Magana Jari Ce na makarantarsu, bangonsa duk ya yage. Ta tafi wasa ta bar shi a kan tabarma, na ɗauka don in ga ko ina tuna wani abu. Ban ɗago kai ba sai da maigida ya ce a fara tattara kaya.

Abin da na koya a ranar daidai yake da abin da muke faɗa wa mutane kullum a kanti. Magani mafi tsada ba ya amfanar wanda ya sha kwana biyu ya ajiye. Haka littafin hutu: wanda za ku iya gamawa shi ne naku, ko da kuwa ba shi ne za ku yi alfahari da shi a gaban abokan aiki ba. Mu 'yan boko muna da wata cuta ta jin kunyar karanta abu mai daɗi. Sai mu ɗauki littafin da muke ganin ya kamata a gan mu da shi, ya gundure mu, mu koma waya, sannan mu yanke hukuncin cewa mu dai ba masu karatu ba ne. Alhali zaɓin ne bai dace da halin da muke ciki ba.

Ku lura da yadda Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930 cikin littafi uku. A na farkon, aku ne yake ta ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don kawai ya hana shi fita daga fada, inda makircin waziri ke jiransa. Wato aikin labaran tun asali shi ne su zaunar da mutumin da ƙafarsa ke ƙaiƙayi. Mai hutu ma abin da yake bukata ke nan, abin da zai riƙe shi a kan tabarma ya hana hannunsa laluben aljihu. Kuma labaran gajeru ne, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Uwargida mai yara uku ba ta da awa biyu a jere, ko a gida ko a bakin ruwa. Wannan zai ce ruwa, wancan zai ce an ƙwace masa ƙwallo. Littafin da za a iya ajiyewa bayan minti goma a dawo ba a ɓata ba ya fi mata amfani a kan mai shafi ɗari biyar da sunayen mutum arba'in.

Don haka tambayar farko da zan yi muku, kamar yadda nake tambayar mai sayen magani, ita ce: me ke damun ku? Wanda aiki ya cinye, kansa ya cika da lissafi da taro, labari yake so mai gudu wanda zai ɗauke shi ya kai shi wata duniya. A nan Ruwan Bagaja ba shi da na biyu. Siriri ne, ana gama shi a zama ɗaya ko biyu, kuma rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe har yau yana sa babba dariya shi kaɗai. Ni dai ina da wata ƙauna ta daban gare shi, domin in an duba, labarin mutum ne da ya bar gida ya shiga duniya neman magani. Ya fito ne daga gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a Zariya, gasar da ta ba mu Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma Shaihu Umar ban cika ba da shawararsa ga mai neman nishaɗi ba. Labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa, yana da kyau ƙwarai, sai dai yana barin nauyi a ƙirji.

Wannan batu na nauyi shi ne inda na fi so ku tsaya. Kowane magani mai ƙarfi akwai wanda bai kamata ya sha ba, kuma littattafai ma haka suke. Matar da ba ta daɗe da fitowa daga takaba ba, ko wadda aurenta ke tangal-tangal, ba wannan ne lokacin da zan miƙa mata Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ba, duk da cewa yana cikin littattafan da na fi girmamawa, har an fassara shi zuwa Turanci a Indiya a 2012. Labarin matar da miji ya wulaƙanta ya kora da 'ya'yanta ne. Wata zai ƙarfafa mata gwiwa, wata kuma zai fama mata ciwo, kuma ke kaɗai kika san wacce ce ke a cikinsu. Haka Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016: rubutu ne na gwani, amma akwai tashin hankalin rikicin Jos a bayansa, kuma na manya ne, ba wanda za a bari a kan tabarma yara su ɗauka ba. Idan kuka karanta shafi talatin kuka ji ƙirjinku ya ƙara ɗaurewa maimakon ya saki, ku rufe shi. Ba jarrabawa za ku rubuta ba. Littafi ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne da za a ce dole sai an shanye.

Ga masu son na Turanci, bari in yi ɗan son kai in gabatar da mutanen gidanmu. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, mai harhaɗa magunguna ne, ya yi karatun a Legas da Landan kafin rubutu ya ɗauke shi. The Passport of Mallam Ilia, wanda aka buga a 1960, labarin ramuwar gayya ne da wani dattijo ke bayarwa a cikin jirgin ƙasa, kuma ban taɓa ganin yaro ɗan shekara goma sha uku da ya fara shi ya ajiye ba. Agatha Christie ta Ingila kuwa a ɗakin haɗa magani na asibiti ta yi aiki lokacin yaƙin duniya na farko, shi ya sa guba ta cika littattafanta na binciken kisa, tun daga na farko da ya fito a 1920. Irin waɗannan suna da abin da mai hutu ke nema: tambaya guda da ke jan mutum daga shafi zuwa shafi har sai ya ga wanda ya aikata.

Na san wasunku za su ce, ai muna karatu, ga littattafan soyayya cike da wayoyinmu. Gaskiya ne, kuma ban raina su ba. Da su muka tashi, daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino zuwa na su Bilkisu Funtuwa, ana karɓar haya ana ɓoyewa a ƙarƙashin filo, kuma su ne suka koya wa mata da yawa karatun Hausa da sauri. Matsalata da na waya guda biyu ce. Ta farko, littafin yana zaune ne a gida ɗaya da WhatsApp da TikTok, kuna tsakiyar shafi saƙo zai faɗo, shi ke nan an tafi. Ta biyu ta shafi barci kai tsaye. Wasu masu bincike a wani asibiti da ke Boston a Amurka sun sa mutum 12 karatu na awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a allo mai haske, dare biyar a takarda, suka wallafa sakamakon a ƙarshen 2014. A dararen allo, barci ya ƙara jinkiri da kusan minti 10, sinadarin melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi ya ragu, kuma da safe mutanen sun fi jin kasala. Mutum 12 ba su da yawa, awa huɗu kuma ba kowa ke yi ba, amma ya yi daidai da abin da nake ji daga bakin masu zuwa neman maganin barci. Ƙari a kan haka, yawancin labaran waya ana sakin su ne kashi-kashi, kowane kashi ya tsaya a inda rai zai biya, don haka babu inda mutum zai ce na gama, bari in kwanta. A rana tsaka kuma allon waya ba ya ganuwa sosai, sai an ƙanƙance ido. Idan za ku bakin ruwa, ku nemi na takarda.

Akwai wani adadi da ke yawo a intanet cewa karatun minti 6 yana rage damuwa da kashi 68 cikin 100. Kada ku riƙe shi da ƙarfi. Ƙaramin gwaji ne na 2009 wanda kamfanin cakulan ya ɗauki nauyinsa. Abin da ya fi shi tushe shi ne tsarin da Ingila ta fara a 2013, inda likita kan iya tura mai fama da damuwa ko fargaba zuwa laburare ya ari littafi daga jerin da masana suka tantance. Ko a can ɗin ma, taimako ne a gefen magani. Don haka in faɗa a fili: wanda ya yi fiye da mako biyu cikin baƙin ciki, abin da yake so a da ya daina ba shi sha'awa, ko wanda rashin barci ya bi shi wata da watanni, likita zai gani. Ruwan Bagaja ba zai warkar da ciwon damuwa ba.

Wani lokaci kuma laifin ba na littafin ba ne. Maigida da ya haura 40 ya ga yana miƙa hannu nesa kafin rubutu ya fito, ko kansa na ciwo bayan shafi biyu, wannan tsufan ido ne da ke zuwa wa kusan kowa, kuma tabarau na karatu ke gyara shi. A je a auna ido tukuna, domin a wannan awon ne ake gano hawan jinin ido da wuri, cutar da ke cin gani ba tare da ciwo ba. Wasu magungunan ma suna hana karatu. Piriton da ire-irensa na mura da ƙaiƙayi suna kawo gyangyaɗi, Buscopan na ciwon ciki da amitriptyline kan sa rubutu na kusa ya yi dishi-dishi. Wanda ya sha maganin mura da safe ya ga yana barci a shafi na uku, kada ya zargi marubucin, kuma don Allah kada ya karɓi tuƙi a hanyar dawowa. Masu jiri a mota su bar littafin a jaka har a isa, domin karatu a mota mai tafiya yana tayar da zuciya, musamman ga yara.

Tunda hunturu ne, iska busasshiya ce ga ƙura, kuma mai karatu ba ya ƙifta ido yadda ya saba. Duk bayan minti 20 ku ɗaga kai ku kalli nesa na ɗan lokaci, a Ushafa kuwa abin kallo ba ya ƙarewa. Idan ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, ɗigon da ake kira hawayen roba ya isa. Ku guji sayen ɗigon ido mai sitiroyid ba da umarnin likita ba. Yana kwantar da ja nan take, shi ya sa ake son sa, amma yawan amfani da shi na iya jawo hawan jinin ido da yana. Masu shan doxycycline ko ciprofloxacin su zauna a inuwa, domin suna sa fata saurin ƙonewa a rana. Kada kuma a bar jakar magani a cikin mota a rufe. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu kada zafi ya wuce digiri 30, insulin kuwa a kula mai sanyi ake ɗaukarsa, ba tare da ya taɓa ƙanƙara ba.

Ruwan kansa na kallo ne. Madatsar tana ƙarƙashin hukumar ruwa, don haka ku nemi izini wurin masu tsaro ku tsaya inda aka ce ku tsaya. Kada yara su shiga, ko da iyakar gwiwa ne: ban da haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance a ƙasarmu yakan ɗauki katantanwar da ke yaɗa tsargiya, mai sa fitsarin jini. Kuma kowa ya san yankin Bwari ya sha fama da masu garkuwa da mutane a farkon 2024. Ku tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin ku tashi, ku je da hantsi cikin jama'a, ku kamo hanya tun la'asar.

Saura yara, waɗanda su ne dalilin da ya sa na fi damuwa da wannan magana. Iyaye kan zo mini da ƙorafin yaro ba ya barci da wuri, ba ya zama wuri ɗaya, a ba shi wani abu. Da na bincika sai in tarar waya ce ke renonsa tun daga dawowa makaranta. Yaron da bai taɓa ganin uwarsa ko ubansa riƙe da littafi don jin daɗi ba, da wuya ya yarda cewa karatu wani abu ne ban da hukunci. Ku bar kowane yaro ya zaɓi nasa da kansa, ko da mai hotuna ne, ko da ya karanta shi sau biyar. Ku dai leƙa ciki tukuna, musamman abin da 'yan mata ke turawa juna a waya, domin wasu labaran ba na shekarunsu ba ne. Sannan ku ware rabin awa wani ya karanta a bayyane kowa na ji. Yaranmu na Abuja da yawa suna jin Hausa amma ba sa iya karanta ta, suna tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya dace da wannan, ga faɗa ga abin mamaki. Idan da kaka a tafiyar, wadda idonta ya yi rauni, ita ce za ta fi kowa jin daɗi, kuma za ku ga ta karɓe labarin daga bakin mai karatu ta ci gaba da nata.

Kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga yawancin tsofaffin nan, ana kuma samun su a shagunan littattafan makaranta da wurin masu kasa littattafai a kasuwa. Ku duba bugun kafin ku biya, domin akwai na jabu masu dusasshen rubutu da ke wahalar da ido, marubuci da magadansa kuma ba sa samun ko sisi daga cikinsu. Wanda ba shi da halin saye ya tambayi maƙwabta. Da wuya a rasa gidan da ke da Magana Jari Ce a ƙasan akwati.

Hajiyar nan da na fara ba ku labarinta ta sake leƙowa bayan wata guda sayen maganin hawan jinin mahaifiyarta. Ta ce ta samo Jiki Magayi a kayan ɗanta ta gama shi cikin dare uku, wayar kuma yanzu a falo take kwana. Barcin bai daidaita gaba ɗaya ba, don haka na sake tura ta wurin likita, ta kuma yi alkawarin zuwa.

Ni a bana littafi biyu kawai zan ɗauka: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda rabona da shi tun ina aji biyu, da wani na Agatha Christie da na manta wanda ya yi kisan. Ƙaton littafin aikin nan yana kan kanta, zai jira ni har Janairu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba magungunan tari na yara da abin da ya sa ba a ba ƙananansu kowane iri.